Kwalin Rage Ƙiba ko Cefanen Kasuwa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Bayan haihuwar Yaya ta biyar da wata huɗu, na je gidanta da hantsi na tarar da ita kwance a kan tabarma a tsakar gida, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Na ce, "Yaya, lafiya? Ko zazzaɓi ne?" Ta ce ba zazzaɓi ba ne, shayi ne. Ta sa babbar 'yarta ta ɗauko mini kwalin daga kan firji, wani kore mai hoton siririyar mace ta zagaye ƙugunta da tef ɗin tela. Wata mai talla a WhatsApp ce ta aiko mata da shi, da alƙawarin cewa cikin kwana 14 tumbin haihuwa zai baje. Daren jiya sau biyar ta tashi zagayawa, ciki na murɗa, ga jaririya na kukan nono. Da ta ga hankalina ya tashi sai ta ce, "Ke dai bari, ai aiki yake yi. Na hau sikeli a kemis, kilo biyu sun tafi."

Na juya kwalin na karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne sanamakki, ɗan'uwan filaskon nan da ake jiƙa wa mutum idan cikinsa ya ɗaure. Maganin wankin ciki ne, kuma a babban hanji yake aikinsa, inda abinci ba ya isa sai ƙaramin hanji ya riga ya tsotse sitaci da mai da sukarin da ke cikinsa. Kenan ruwa da bayan gida Yaya ta zubar, kitsen yana nan daram. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana riƙe da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700, zawon dare biyu ba zai taɓa shi ba. Da ta sha ruwa ta ci abinci na kwana biyu, sikeli zai koma inda yake. Abin da ke ba ni tsoro shi ne gishirin jiki da ke bin zawo ya fita, musamman fotasiyam wanda bugawar zuciya ke dogara da shi. Sannan hanjin da aka saba wa turi yakan yi kasala, har mutum ya kasa bayan gida sai ya sha.

Nata ma da sauƙi, tunda an rubuta abin da ke ciki. Akwai wani maganin kashe sha'awar abinci mai suna sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suke ta kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba waɗanda aka rubuta wa "ganye zalla". Mai hawan jini da ya sha irin wannan bai san abin da ya haɗiya ba, likitansa ma bai sani ba.

Shayin nan ƙarshen lalacewar ke nan, ba zan auna sauran kayan da shi ba. Abin da nake so mu ɗora a sikeli ya fi shi faɗi. A faranti ɗaya akwai abin da zan kira kayan kwali: garin da ake damawa a sha a madadin abinci, biskit ɗin da ake cewa na masu ciwon suga ne, yogot marar kitse, lemon kwalba marar sukari, da dunƙulen hatsi mai zaƙi da ake cewa ya isa karin kumallo. A ɗaya farantin akwai cefanen kasuwa: gero, dawa, maiwa, acca, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabewa, yalo, ƙwai, kifi, nono da 'ya'yan itatuwa.

Kada a ɗauka cewa duk abin da aka sarrafa ya lalace. Daddawa sarrafa ta aka yi: an dafa kalwa, an wanke, an rufe ta kwanaki har ta nuna. Haka kindirmo, da garin kuka, da ƙuli-ƙuli, da bandar kifi. Wani malamin Jami'ar Sao Paulo a Barazil, Carlos Monteiro, shi da abokan aikinsa suka fara raba wannan gardama a 2009, da tsarin da daga baya aka sani da NOVA. Tsarin ya kasa abinci gida huɗu, kuma gida na huɗu shi ne wanda masana'anta ta wargaza amfanin gona ta ciro sitaci daban, mai daban, furotin daban, sannan ta sake haɗa su da launi da ƙamshi da sinadaran zaƙi da na hana lalacewa. Hanya mai sauƙi ta gane shi: ka karanta kayan haɗin, idan akasarinsu ba abin da za a samu a kicin ɗin gidanku ba ne, to gida na huɗu ne. Yawancin kayan rage ƙiba a nan suke zaune.

Ma'aunin farko a wurina shi ne ƙoshi, domin yunwa ce ke karya kowane shiri na rage ƙiba. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2019, wani mai bincike, Kevin Hall, ya kwantar da mutum 20 na tsawon mako huɗu a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Mako biyu ana ba su abincin gida na huɗu, mako biyu ana ba su wanda ba a sarrafa sosai ba. An daidaita abin da ake ajiye musu ta fuskar kalori da sukari da mai da fayiba, wato irin dusar hatsi da jijiyar ganye, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai aka ga suna cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, suna ci da sauri, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A makonnin ɗaya abincin kuwa suka rage kusan kilo ɗaya, ba tare da wani ya ce musu su rage ci ba. Mutum 20 ba su da yawa, kuma ba kayan rage ƙiba kaɗai aka gwada ba. Amma abin da binciken ya nuna duk wanda ya taɓa karyawa da ɗanwake ya san shi.

Ka ci ɗanwake da ƙwai da yankakken kabeji da ƙarfe takwas, za ka kai azahar ba ka tuna da ciki ba. Ka dama garin kwali ka shanye cikin minti biyu, kafin sha ɗaya idonka na kan mai gurasa. Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ake taunawa yana ɗaukar lokaci, kuma a wannan lokacin ne ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ya isa. Abin sha kuwa wucewa yake yi. Sai kuma fayiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye. Shi ke cika ciki, ya rage saurin shigar sukari cikin jini, ya sauƙaƙa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na fayiba a rana, da aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Busasshen wake giram 100 yana da furotin wajen giram 23 da fayiba wajen giram 10. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan waken, Nijar na bi mata. Kenan abin da gwangwanin furotin ke tallatawa da hoton ƙaton damtse, yana nan jibge a Dawanau ana auna shi da kwano.

Ko a cikin cefanen kasuwar ma wannan ƙa'idar tana aiki. Lemon zaƙi guda biyu da ka ɓare ka cinye da totuwarsu sun ishe ka. Amma kofi ɗaya na ruwan lemo sai an matse uku ko huɗu, a zubar da fayiban, ka shanye sukarinsu a tsaye. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafa ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ya kamata a taƙaita, ko da ba a ƙara masa komai ba.

Ma'auni na biyu shi ne gaskiyar abin da aka rubuta a gaban kwali. Na taɓa raka Baffa wani babban kanti bayan an ce masa yana da ciwon suga. Ya ɗauko biskit mai rubutun "babu sukari" da manyan baƙaƙe, ya ce, "Kin ga wannan ai namu ne." Muka juya bayansa. Na farko a jerin farar fulawa ce, na biyu mai, na uku wani sinadarin zaƙi. Dokar rubutun kwali ita ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka ukun farko su ne abincin, sauran ado ne. Farar fulawa kuwa sitaci ce, kuma sitaci da ya shiga ciki gulukos yake zama, wato sukarin da ke shiga jini. Wasu kuma sukan cire sukari su zuba maltodekstirin, wanda ke ɗaga sukarin jini da sauri kamar gulukos ɗin kansa. Masu amfani da sinadaran zaƙi irin sobitol ko maltitol kuma, idan aka ci da yawa sai kumburin ciki da gudawa. Yogot marar kitse shi ma sau da yawa haka yake: an cire man da ke ba shi ɗanɗano, an cike gurbin da sukari da sitaci. Nonon da aka kaɗe aka cire man shanu, wanda Fulani ke kawowa a ƙwarya, shi ma marar kitse ne, kuma babu wanda ya ƙara masa komai sai abin da kai ka zuba da hannunka.

Batun lemon kwalba marar sukari yana buƙatar adalci. Lemon kola na yau da kullum yana da sukari wajen giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, wato robar rabin lita ta haura giram 50, fiye da ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, in da hali ma a tsaya a kashi 5, wajen giram 25 ko ƙaramin cokali shida. Wanda ya saba shan roba biyu ko uku a rana, idan ya koma marar sukari ya rage wa jikinsa kaya mai nauyi, ba zan musa ba. Amma matakala ce, ba masauki ba. A watan Mayun 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari don rage nauyi, saboda ba a ga amfaninsu na dogon lokaci wajen rage kitse ba; ta dai ware waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga daga wannan shawarar. A watan Yulin shekarar kuma sashenta na binciken ciwon daji ya saka asfatem, ɗaya daga cikin sinadaran zaƙin nan, a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujja mai rauni, yayin da kwamitin ƙwararru kan sinadaran abinci ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ba abin firgita ba ne. Damuwata ita ce harshen da kullum ake ba zaƙi mai tsanani ba ya koyon jin daɗin gwanda ko goruba. Zoɓo da citta da kanumfari, ko ruwan tsamiya mai sanyi, idan aka yi ta rage musu sukari a hankali, cikin 'yan makonni baki yakan saba.

A wajen kuɗi ba na buƙatar dogon bayani. Ka duba sau nawa gwangwanin garin zai yi maka abinci, ka raba kuɗinsa da wannan adadin, sannan ka tambayi kanka ƙwai nawa da wake nawa kuɗin damu ɗaya zai saya. Yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Wani ɓangare na abin da ka biya kuma ladan mai talla ne da wanda ya ɗauko mai tallar. Kuma abu ne na mutum ɗaya: kai ka sha gari, sauran gida a ɗora musu tukunya, cefane ya zama biyu.

Inda kwali ya yi wa kasuwa fintinkau shi ne lokaci, kuma duk wanda ya raina wannan bai taɓa fita aiki ƙarfe bakwai ya dawo magariba ba. Wake yana cin gas, yana cin gawayi. Ganye sai an tsince, an wanke, an yanka. Alayyahun da ka saya yau, in babu wuta, gobe ya yi yaushi. Da rani tumatir da ɗanyen ganye sukan yi tsada. Gari kuwa ruwa kawai yake nema, kuma an riga an auna maka kalorinsa, ba sai ka yi lissafi ba. Wannan gaskiya ce, amma iyayenmu sun daɗe da maganin rabinta. Kuka da busasshiyar kuɓewa da busasshen zogale da kauɗar tumatir ba su san firji ba. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri, kuma yana rage kumburin ciki. Dafaffen ƙwai biyu, da ƙullin gyaɗa, da yalo ko karas, suna shiga jaka kamar yadda biskit ke shiga.

Yanzu bari in juyo kan tukunyarmu, domin idan na yi shiru a nan na cuci mai karatu. Mutane da yawa da ke fama da teɓa da hawan jini ba su taɓa sayen kayan kwali ba, tuwo da miya ne suka kai su. Malmala uku da dare, miya 'yar kaɗan a gefe, a kwanta. Mai kuwa a kwarara shi har ya yi iyo a kan miya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4, kuma man gyaɗa da manja da man shanu duk ɗaya suke a wannan lissafin. Babban cokali ɗaya ya kai kalori 120. Ƙosai wake ne, alala ma wake ce, amma ɗaya ya yi wanka a kaskon mai, ɗaya turara shi aka yi. Gyaɗa abinci ce mai kyau ƙwarai, sai dai giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ya isa, ba kwano a gaban talabijin ba. Zuma da mazarƙwaila sukari ne, dabino ma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Wanda ya daina sukari ya koma tsiyaya zuma a kunu, an gudu ba a tsira ba.

Sai gishiri. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, wanda babban kasonsa gishiri ne. Mu kuwa sai a jefa dunƙule biyar a tukunya, a bi da gishiri, a bi da farin magi. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi suna iya ɗauke rabin wannan aikin. Kanwa ma gishirin sodiyam ce; tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Akwai kuma surfe, wanda shi ya fi ci mini rai. Mukan surfa masara ko dawa har ta yi fari tas, mu bushe dusar mu ba awaki, alhali a dusar nan da ƙwayar idon hatsin ne fayiba da bitamin B da sinadarin ƙarfe suka fi taruwa. Tuwon da aka yi da irin wannan garin bai fi farar shinkafa da komai ba sosai. Idan ba za a iya barin surfen gaba ɗaya ba, a sassauta shi, a wanke hatsin da kyau, a kai inji. Tuwon zai yi duhu, zai ɗan yi kaushi, kuma malmala ɗaya za ta riƙe ka inda da sai biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, har da dawa da acca, saboda amfaninsu ga jiki da juriyarsu ga fari. Mu da muke da su a rumbu bai kamata mu zama na ƙarshen gane darajarsu ba.

Cefanen kasuwa yana da nasa haɗarin da kwali mai rajista ba shi da shi. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi funfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci a zubar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari dikilobos da aka samu a cikinsa, kuma irin waken nan muke ci a gida. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi. In za ka ajiye da yawa, akwai buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da magani ba. Latas da kabeji da za a ci ɗanye kuma a wanke su da ruwa mai tsabta sosai, domin ba kowane lambu ake ba ruwan kirki ba. Haka jiƙe-jiƙen rage ƙiba da ake sayarwa a jarka da sunan na gargajiya, su da koren kwalin Yaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Akwai wuraren da abin masana'anta shi ne daidai, kuma ya kamata a faɗe su da babbar murya. Gishiri mai ayodin, wanda Najeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990, shi ya rage maƙoƙo a ƙauyukanmu. Abincin tamowa na leda, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin mai kalori 500, ya ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005 a hannun ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma har yau da shi ake jinya a Arewa. Yaron da tamowa ta kama sosai asibiti za a kai shi, ba kunun gida zai tashe shi ba. Mai juna biyu ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wajen awo, zogale ba ya maye gurbinsu. Hatta garin madadin abinci yana da ranarsa. A wani bincike mai suna DiRECT da aka buga a Birtaniya a 2017, an ɗora masu ƙiba da ciwon suga nau'i na biyu a kan irin wannan abin sha, kalori wajen 850 a rana na wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Amma ka lura da yadda aka yi: ma'aikatan lafiya ne suka tsayar musu da magunguna, suna auna su a kai a kai, sannan suka mayar da su kan abinci na gaske daki-daki. Wannan jinya ce, ta bambanta da gwangwanin da aka aiko maka a mota daga wurin wanda bai taɓa auna jininka ba.

To, wa zai ɗauki wanne? Mai lafiya da ke son rage tumbi, ban ga abin da kwali zai ba shi wanda gyaran faranti ba zai ba shi ba. Rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama, kwata tuwo ko dambu ko shinkafa. Wato a juya abin da muka saba, miya ta fi tuwo yawa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da jiki ke ɗauka lafiya, kuma wanda ya sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, yakan ga canji a hawan jininsa da sukarinsa tun kafin mutane su ga canji a rigarsa. Mai shayarwa kuwa ta nisanci duk wani shayi ko ƙwayar rage ƙiba, jikinta ƙarin abinci mai kyau yake nema. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya gaya wa likitansa kafin ya rage tuwo sosai, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa ya sumar da shi. Mai ciwon ƙoda kuma shawarata ba tasa ba ce: wake da ganye da ayaba suna da fotasiyam mai yawa, likita ne zai auna masa.

Wanda aiki ko tafiya ta tilasta masa sayen na kwali, ya duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, tukuna, ya kuma san cewa lambar ba shaidar cewa abin yana rage ƙiba ba ce. Kayan ganyayyaki da yawa masu lamba suna ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Ya karanta ukun farko a jerin kayan haɗi. Ya duba sukari a kowane giram 100: a ma'aunin Birtaniya giram 5 ko ƙasa da haka kaɗan ne, abin da ya haura giram 22.5 kuma ya yi yawa. Duk kwalin da ya yanka maka kwanaki, ko ya ce ka ci duk abin da kake so, ko babu sunan kamfani da adireshi a jikinsa, ajiye shi.

A ranar nan Yaya ta tambaye ni, "To ke da kika hana ni, me zan ci?" Na aiki yaro ya ciro zogale a bishiyar bayan ɗakinta. Muka zage ganyen daga tsinkensa, muka tafasa har ɗacin ya sauka, muka matse. Na daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, na yanka albasa da tumatir, na ɗiga mai cokali ɗaya maimakon ludayin da ta saba, na cakuɗa da hannu. Ta ci da dafaffen ƙwai biyu, ta kora da nono. Da la'asar ta kira ni ta ce har yanzu ba ta ji yunwa ba. Daga baya ta koma kai dawarta inji ba tare da dogon surfe ba, malmalar dare ta koma ɗaya, miyar kuka da ta kuɓewa suka ƙaru a kwano. Maigidan ya yi ƙorafin duhun tuwon mako guda, ya haƙura. Tumbin bai baje a kwana 14 ba, sai da jaririyar ta fara tsayuwa kafin Yaya ta kai wa tela atamfofinta ya rage. Har yanzu muna ja a kan sukarin kunu. Daga cokali huɗu ta sauko biyu, ta ce in ƙyale ta haka zuwa bayan azumi.